Tulun Allurai

Bari ka ji wani misali, kai da kake ganin gyara sai daga birni yake zuwa.

A shekarar da annoba ta sa kowa ɗaura takunkumi, akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane a wani gari. Tun tana budurwa take haƙar yumɓu a wani kududdufi da ke gangaren asibitin garin. Da marasa lafiya suka yi yawa, shara ta fi ƙarfin ma'aikata, sai suka riƙa tula ta a bayan katanga: takunkumi, safar hannu, auduga mai jini, allurai kamar ƙayar aduwa. In an cinna mata wuta, baƙin hayaƙi ya shaƙe unguwa, allurai kuwa ko gezau. Wata safiya tsohuwa na cuɗa yumɓu da ƙafa, sai ta ga tsinin allura ya leƙo tsakanin yatsunta. Ta ɗaga kai, ga hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Ta san in ruwa ya sauka, juji duka zai gangaro kududdufin. Shi ke nan yumɓunta, shi ke nan mashayar awakin gari.

Ta hau gangare ta sami malamin asibiti, idonsa ja wur don gajiya. Ya ce, "Yi haƙuri Iya, mun rubuta takarda a kawo mana injin ƙonawa." Ta ce, "Ɗan nan, hadari ya iya karatu ne?" Kashegari sai ga ta da tuluna shida masu ƙaramin baki, waɗanda allura za ta shige amma hannu ba zai bi ta ba. Ta ce in tulu ya cika a liƙe bakinsa da laka, a binne shi a tudu, nesa da hanyar ruwa. Sannan ta tara matan da ta koya wa gini, suka kwaɓa jar ƙasa suka tayar da matoya, wato murhun ƙona shara, mai dogon wuya, da ƙofar iska a ƙasa, don ita ta san wuta mai zafi ba ta yawan hayaƙi. Ma'aikata suka sa safa, suka kwashe jujin da shebur, shara zuwa matoya, allurai zuwa tulu. Bayan kwana tara ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya gangara kududdufi bai ɗauko komai ba sai ganyen darbejiya. Injin bai iso ba sai bayan kaka, ya tarar da tulu na goma sha huɗu a bakin ɗakin allura, tsohuwa kuwa tana can tana cuɗa yumɓunta ba takalmi.

To ka ji. Ba banza ba Bahaushe ya ce, da tsohuwar zuma ake magani.