Mai Maganin Dukan Dabbobi

Zauna mana, Nafi'u, ka tsaya mini ƙerere a ka. Sabon zango ya kama, abokan karatunka kowa ya zaɓi fannin da zai ƙware a likitancin dabbobi, kai kuwa jiya ka ce shanu, yau ka ce kaji, ɗazu ma na ji kana yi wa kifi kirari. Kai, likitan gobe! Ni da na koyar da ku tun shigowarku, wallahi tausayinka nake ji. Saurari wannan.

An yi wani manomi da barci ya sace shi da azahar a gindin tsamiya. Ya yi mafarki dabbobin duniya suna tahowa wurinsa a hankali, ba hayaniya. Raƙumi ya durƙusa, saniya ta ɗora masa kai a cinya, tantabaru suka sauka a kafaɗunsa, duk wanda ya shafa sai ya miƙe garau. Da ya farka sai ya ji gona ta fita daga ransa. Ya sallami mahaifiyarsa, ya bar ta da karsanarta guda da take ji da ita, ya tafi neman sanin maganin kowace dabba. Ya fara sauka a rugar wani tsohon makiyayi. Damina ce, ciyawa shar, shanu kwance suna tuƙa, hayaƙin garke yana tashi siriri. Ya koyi duba ido da hanci, ya koyi kara kunne a cikin saniya ya ji motsinsa. Tsohon ya ce ya daure har shanu su fara haihuwa, don a nan hannu yake koyon abin da baki ba ya iya faɗa. Ana nan sai ga ayarin raƙuma ya gitta ta bayan ruga da hantsi, suna tafe suna rangaji kamar ba ƙasa suke takawa ba. Shi ke nan, mutumin naka ya saɓa jakarsa ya bi su. A wurin masu raƙuma ya fara koyon maganin ƙazuwa, bai gama sanin haɗin ba suka yada zango a wani gari mai yawan tantabaru. Ya ɗaga kai ya ga sararin sama ya yi fari da fukafukai, ya ce ai nan ne. Haka dai, ko'ina ya je ya lasa ya wuce, kuma ko'ina ana yabonsa da kaifin kai, don ba ƙarya, yana da shi.

Bayan shekaru ya dawo gida, bakinsa cike da sunayen cututtuka. Ya tarar karsanar nan ta zama saniya, da nononta tsohuwarsa take rufa wa kanta asiri, ga ta kwance tun safe tana naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Maƙwabta suka dare suka ba shi hanya, ai ga masani ya iso. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya zura. Ciki duhu ne da ɗumi. Ya taɓa wani abu, bai san ƙafar gaba ba ce ko ta baya. Ya laluba neman kai, ya rasa ta inda ake juya shi. Ya san sunan wannan matsala sarai, har ya faɗa wa mutane, amma hannunsa baƙo ne a wurin. Yana durƙushe gumi na zuba, saniya tana nishi, nishin yana raguwa, har ta miƙe wuya ta yi shiru, ita da ɗan cikinta. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, “Ashe duk yawon nan ba ka kai nan ba?”

To, Nafi'u, son dabbobi duka ba laifi ba ne, ni ma ina son su. Amma wata rana wani zai kawo maka abin da ya mallaka kaf, ya zuba maka ido. Je ka zaɓi guda, ka zauna masa har hannunka ya san shi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.