Karangiya a Lambun Sabha

"Tumɓuke ta duka kafin baƙi su iso," in ji mudir, shugaban lambun, yana nuna ciyawar da ƙafa. "Ta ina wannan masifa ta shigo mana?"

Mai ban-ruwan lambun ya dube ta. Karangiya ce, ya kuma san hanyar da ta biyo. Ba a shuka ta; a tufar matafiyi take maƙalewa.

Kuɗin fetur ne suka kafa lambun nan na garin Sabha, can arewa ƙetaren hamada: furanni daga ƙetaren teku, famfo na ta feshi, ga ciyawa koriya shar wadda ba dabbar da za ta ci. Shi kuwa mai ban-ruwan daga ƙasar Damargu ya taho a shekarar fari, ya bar matarsa tana sussukar karangiya don su sami na tuwo. Tun zuwansa ya kasa zaune, ya kasa tsaye. Kullum wata mai zuwa zai koma, har watanni suka zama shekaru.

Ya duƙa yana fizgar karangiyar kamar mai rama faɗa. Ya tara, ya cinna mata wuta. Da ya miƙe, sai ya ji tsini a ƙafar wandonsa.

Ƙwaya ɗaya ce, ƙasa da gwiwa, daidai inda 'yarsa ta ƙanƙame ranar da zai taho, har sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Cire ta mana," in ji mudir.

"Na taɓa cirewa, ya mudir. Sau ɗaya ya isa."

Ya ajiye fartanya, ya nufi tashar motocin kudu.