Garin da Shugaba Ya Lasa

Ranar Talata, bakwai ga watan Safar, ranar kasuwar garin, aka fara wannan zalunci. Wata mai harhaɗa magunguna ta kawo wa asibitin ƙauye maganin saran maciji iri biyu, na ruwa mai zama a firiji, da wani farin gari a ƙananan kwalabe. Shugaban kwamitin asibitin ya fasa kwalba ɗaya a gaban jama'a, ya dangwala ya lasa, ya ji zaƙi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, alewa aka kawo mana!" Kasuwa ta ɗauka da dariya. Aka hana matar shiga asibiti, aka wurga kwalin garin bayan wasu buhunan siminti da ke harabar asibitin.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani manomin dawa da aka sani da cin rai wajen tambaya. Abin ya tsaya masa a zuciya: mai son cuta ai ɓoye zaƙin zai yi, to me ya kai sukari cikin magani? Ya bi ta har tasha ya ce, "Baiwar Allah, fahimtar da ni." Ta ce masa daga jinin doki ake tato maganin, wato garkuwar da jikin dokin ya ƙera don kama dafi, kuma muddin tana cikin ruwa zafi na lalata ta. Shi ya sa ake daskarar da ita, a zuƙe ruwan tun yana ƙanƙara. Amma in ruwa ya fita garkuwar kan motse ta mutu, sai an sa sukari ya zauna a gurbin ruwan, ya riƙe ta har ranar da za a jiƙa. Manomi ya tuna yadda zuma ke shekara a ƙwarya ba ta ruɓa, ya koma gida yana juya maganar.

Da kaka ta yi, matarsa ta ɗaga damin dawa da hantsi, kububuwa ta sare ta a hannu. Kafin su isa asibiti dasashinta ya fara zubar da jini. Ma'aikacin jinya ya buɗe firiji, ashe tuni injin wuta ya lalace, maganin ruwan ya gurɓace kamar koko mai tsami, ya ce ba zai sa wa mutum wannan ba. Kowa ya tsaya riƙe da haɓa. Manomi ya ture buhunan siminti ya jawo kwalin, ƙura ta rufe shi. Aka kira matar da aka kora a waya, ta faɗi yadda za a jiƙa. Garin ya narke tas, aka haɗa da ƙarin ruwa aka sa wa matar manomin, kafin la'asar jini ya tsaya.

Har yau shugaban bai ce uffan ba, sai aika wa mai maganin goro a ɓoye. Goro ba ya wanke suna. A tsakiyar kasuwa ya kira ta macuciya, to a tsakiyar kasuwa, ranar Talata, da irin muryar da ya ɗaga, ya wajaba ya tsaya ya ba ta haƙuri. Da ya tambaya kafin ya lasa, da ba a tsaya riƙe da haɓa ba alhali magani na bayan siminti. Gaskiyar masu iya magana: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.