Akwati Na Uku

Sun saka, Yaya, wallahi sun saka maganata a takardar!

Kin tuna malamar nan mai tambayoyi a ɗakin awo, lokacin ina da cikin 'yar nan? Ta ce takardar sabuwa ce, gwada ta suke yi. Ta karanto min: "Kin so wannan cikin, ko ba ki so ba?" Na ce, "Malama, wanda nake goyo ko yaye shi ban yi ba. Ina so mana, amma ba yanzu ba."

Ta ce akwati biyu ne kawai. Ina kallo ta ɗora biro a kan "ba ta so".

Abin ya tsaya min a rai har na haihu. Ina ba ta nono, ina tuna akwai takarda a wata durowa da ta ce ba na son ta. In ta girma ta karanta fa?

Yau na kai ta allura, sai ga malamar tana ƙwala min kira: "Ke Ba-yanzu-ba, zo ki ga aikinki!" An sake takardar, akwati uku. Da kaina na haɗa baƙaƙen, a hankali: "Ina so, amma ba yanzu ba." Wai mata talatin sun zaɓe shi a sati biyu.

Sai ta zaro tsohuwar tawa, ta miƙo min biro. 'Yata na kan cinyata na soke layin nan da hannuna.

Don Allah ki gaya wa matan layinku, yanzu mu ma muna da akwatinmu.