Gurun Hansai

Tun a ɗakin Hansai Rahmatu ta ɗaura gurun a ƙugunta, ta yi masa ƙulli biyu kamar yadda aka ce mata.

"Ba a cire shi," in ji Hansai. "Ko wanka, ko barci, ko kin yi yaji. Ranar da ya taɓa ƙasa, ya mutu."

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna ne. Mijin Rahmatu, Sanda, akawu ne a Sakatariya, mutum mai haƙuri, ba ya duka, ba ya zagi, kuma ba a tura shi rangadi. A garinsu can ƙasar Katsina, mace in ta haihu gida take tafiya goyo, ba ta dawowa sai yaro ya yi ƙwari. A unguwar Badarawa ta Kaduna kuwa ɗaki ɗaya suka kama, gado ɗaya. Haihuwa huɗu ta jera, kowane yana nono ƙaninsa ke shigowa. Ta ƙarshen, ta Larai, da ƙyar ta sha. Ungozomar da ta karɓe ta ta wanke hannu ta ce, "In kika sake yi kusa-kusa, ba ni za a kira ba. Masu wankan gawa za a kira."

Shi ya sa Rahmatu ta nemi Hansai. Duk unguwar an san ta da gurun hana ɗaukar ciki, kuma ba ta buƙatar talla, don ita kanta ce shaidar. Tun kafin yaƙin duniya take auren Audi, tela a Babbar Kasuwa, lafiyayyen mutum da ke kwana gida kullum, amma ko ɓatan wata ba a taɓa jin ta yi ba. Doguwa ce siririya, wuya kamar na budurwa, sai dai ƙugu mai kauri da ke sa ta tafiya a hankali. Mata sukan dube ta su dubi kansu, su yi ajiyar zuciya.

Ba kowa gurun ke yi wa aiki ba. Uwani, maƙwabciyar Rahmatu, ta ɗaura nata mai jan zare, kafin kaka sai ga ta tana tofar da yawu. Hansai ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi, har ta amsa cewa takan ajiye shi in za ta yi wanka. Sa'adiya, matar wani masinja, ita kuma kan rataye nata mai wuri a ƙusa in ya dame ta da ƙaiƙayi, ta ɗaura ranar da ta tuna. Ita ma ta samu. Hansai ba ta yi musu faɗa ba. Ta dai karɓe kayanta, ta ce guru in ya karye ba ya kwana gidan mutane.

Rahmatu ta ɗauki darasi. Da shi take wanka, da shi take daka. Bazara ta zo, gumi ya jiƙa fatar gurun har ta saɓule mata ƙugu, ba ta cire ba. In ta ga Uwani na jan ciki zuwa rijiya, sai ta shafa nata ƙullin ta saman zani, ta ce a ranta kowa ya yi da kyau zai ga da kyau.

Wata safiya a tsakiyar damina ta buɗe tukunyar miya, warin daddawa ya juya mata ciki. Ta zauna a bakin murhu. Ta san wannan juyin, sau huɗu ta san shi. Larai na bayanta, ko rarrafe ba ta gama ƙwarewa ba. Maganar ungozoma ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar ta goya Larai, ta yafa mayafi ta nufi gidan Hansai.

"Kin taɓa cire shi?"

"Ko sau ɗaya."

"Ya taɓa ƙasa?"

"Yaya Hansai, dubi ƙuguna." Ta ɗaga riga ta nuna mata gyambon. "Ni me na yi? Gaya mini laifina, yadda kika gaya wa su Uwani."

Hansai ba ta sami laifin ba. Ta miƙo hannu ta ɗora a kan marar Rahmatu, ta bar shi a wurin har ya wuce yadda ya kamata. Sannan ta ce a hankali, "Kawo shi."

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da Rahmatu ta sa haƙori. Ta yi jifa da gurun, Hansai ta cafe shi tun bai kai ƙasa ba. Rahmatu ta fita ko sallama babu, hawaye na zuba. Sai da ta kai zaure ta lura hular Larai ta faɗi a ɗakin. Ta juya, ta ɗaga asabari ba tare da ta yi magana ba.

Hansai na tsaye ta ba ƙofa baya, ta sassauta zani. Ashe ƙugun nata siriri ne kamar sauran jikin: guraye ne jere a kansa, wani kan wani, ga mai jan zare, ga mai wuri. Tana ɗaura na Rahmatu a samansu, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ya Allah, wannan ma mai shi ta samu. Ka sa ni ma ya kama ni."