Baba na Bakin Taga

Yau ma a kan harafin "b" tsohon ya maƙale. Ya ja fensir da hannun hagu, ya yi sanda, sai ya tsaya, ya rasa inda tumbin harafin yake fuskanta. Hannun damansa yana cikin aljihun riga, inda yake kullum.

Malama ta wuce shi ba ta tsaya ba. Ba haushi take ji ba, ba kuma tausayi ba. Tun safe take tsaye a makarantar yara, da la'asar ta zo nan ta koyar da iyayensu. In aka kai wannan lokaci, ba abin da ke saura a jikinta sai murya.

Daga wani gari aka ɗauko ta don ta gyara ajin manya. Masu ɗaukar nauyin shirin sun gaji da ganin mutane suna tsufa a aji ɗaya. Sun ce ko ɗalibai su riƙa wucewa gaba, ko a rufe. Ga kuma mata a bakin ƙofa kullum, da goyo a baya, suna tambaya ko wuri ya samu.

Ta gyara abin da zai gyaru. Ta raba ajin rukuni-rukuni, ta sa kowa ya zo da ɗansa ranar Asabar su yi karatu tare. Tela ya fara rubuta awon mutane maimakon ƙulla zare. Mai kitso ta karanta takardar maganin 'yarta da kanta. Direba ya ce ashe shekara da shekaru yana wuce allon da ke hana shi tsayawa, shi kuwa a nan yake lodi. Aka yi dariya. Malama ta murmusa don ta ga ya kamata.

Baba na bakin taga kaɗai ne bai motsa ba. Abin da ya koya yau, gobe ya zube kamar ruwa a kwando. Magana ma ba ta wuce "to". Amma in ta juya baya tana bayani ga allo, sai ta ji ya ƙwanƙwasa tebur da fensir, har sai ta fuskanci mutane. In ta kira mai kitso ta yi karatu alhali ba ta shirya ba, sai ya girgiza kai. Tela ne ke goge masa kujera kafin ya zo. Mai gadi kuwa tun daga titi yake miƙewa tsaye. Malama ta ɗauka girman furfura ne.

Ranar Asabar shi kaɗai yake zuwa babu yaro.

Da jarrabawa ta zo, takardarsa ta dawo da sanduna a jere, babu harafi ko ɗaya da ya cika. Malama ta ɗauka ta shiga ofishin Shugaba, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, wadda idonta kullum yake kamar na wanda bai yi barci ba.

"Hajiya, Baba ya sake faɗuwa. Dokar makaranta ta ce wanda ya maimaita aji bai ci ba, ya ba wani wuri. Akwai matar da ta fi wata tana zarya."

Shugaba ta dubi takardar, ta daɗe, sannan ta kife ta a tebur.

"Haka dokar ta ce."

"In kina ganin a ƙyale shi…"

"A'a. Ki yi aikinki."

Washegari Malama ta bari aka tashi, amma ba wanda ya fita. Ta durƙusa kusa da kujerarsa, ta sassauta murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba kora ba ce. Wurin ne ya yi mana kaɗan. Ka huta, in an samu sarari za mu aiko."

Tela ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe. Mai kitso ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba ya dubi Malama, ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ake yi wa wanda ya ba da amsa daidai.

"To," ya ce.

Ya ajiye fensirin a tsakiyar tebur, ya dafa bango ya miƙe, yana jan ƙafar dama har ya fita. Malama ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta ji komai ba. Ta goge allo, ta kashe fanka, ta rufe tagogi.

A bakin ƙofa mai gadi bai amsa sallamarta ba. Can gefen titi ta hango Shugaba ta sunkuya, tana ɗaga ƙafar tsohon tana sa masa a cikin mota, sannan ta ciro hannun nan daga aljihu ta ɗora masa a cinya. Hannun a nannaɗe yake, ba ya motsi. Ta rufe ƙofar motar, ta juyo ta ga Malama tsaye.

"Ba ki yi laifi ba," in ji Shugaba, muryarta kamar tana karanta sanarwa. "Shi ya hana a gaya miki, ya nuna a ɗauke shi kamar kowa. Da shi ne a kujerata, da tuni ya sallami kansa."

"Hajiya, wane ne shi?"

"Mahaifina ne. Shi ya buɗe makarantar nan, shi ya koya wa rabin unguwar nan karatu, kafin ciwo ya faɗa masa ya share masa haruffan duka."