Wasan Taubasai Ne, In Ji Gwaggo

Tun ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu a yankin Rawayau, Ja'afar bai ƙara jin ƙarar babur hankalinsa ya zauna ba. A cikin gonar dawa ya kwanta rub da ciki ranar, yana jin baburan na wucewa, yana jin ihun mutanen da ya sani. Shekararsa goma sha shida. Da abin ya lafa, mahaifinsa Malam Ummaru ya kawo shi Dutsin-Ma wurin ƙanwarsa Turai, ya ci gaba da makaranta a can.

Turai mace ce mai zumunci, ba ta rage shi da komai ba. Abinci, sabulu, kayan makaranta, duk yadda ta yi wa ɗanta Abdullatif haka ta yi masa. Abu ɗaya ne ta gani da idonta ta kawar da kai.

Yaran biyu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma kowa ya san akwai wasa a tsakanin taubasai. A tsokane ka, a yi maka ba'a, in ka yi fushi kai ne abin dariya, manya kuma ba sa shiga. To, Abdullatif bai daɗe ba ya gano lagon ɗan'uwansa. Sai ya lallaɓo da babur ɗin babansa bakin zaure, ya murza shi da ƙarfi, ya kwarma ihu, "Ga su nan! Ga su nan!"

Ja'afar ya watsar da kwanon tuwo, ya faɗa ɗaki, ya shige ƙarƙashin gado. Gida ya ɗauki dariya. Ita ma Turai, Allah ya gani, ta dara.

Abin ya zama na kullum. Wata rana Abdullatif ya ɗauke shi a waya ya tura wa abokansa, kafin ka ce me, duk makaranta ta gani. Aka laƙaba masa Sarkin Gudu. In ya shigo aji, sai 'yan baya su hau kwaikwayon kukan babur da baki.

Ja'afar ya sami Turai a madafi, ya durƙusa. "Gwaggo, don Allah ki yi ma Abdullatif magana. Wallahi in na ji ƙarar nan numfashina ɗaukewa yake."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Haba Ja'afaru, kai da taubashinka? Mu ma haka muka yi da namu. Ka rama mana! Kai ba namiji ba ne?"

Sai ya ce, "Da ma ban tsira ba ranar nan."

"Kai! Yi istigifari. Kar in ƙara jin wannan maganar a bakinka."

Ba ta ƙara ji ba kuwa. Ya daina kawo ƙara, ya daina taɓa abincin kirki, ya rame, ya koma zaman ɗaki. Turai ta ce kewar gida ce, za ta wuce.

Ranar wata Juma'a da hantsi ya fito fes da shi, fuskarsa a sake, rabon da ta gan shi haka har ta manta. Ya ba Abdullatif takalminsa na ƙwallo. Ya zo gabanta ya ce, "Gwaggo, ki yafe mani duk abin da na yi maki." Daɗi ya kama ta, ta ce a ranta yaro ya yi hankali, ta sa masa albarka. Ya leƙa maƙwabta su ma ya nemi gafararsu, ya fita.

Aka sauko daga masallaci, maza suka dawo, babu Ja'afar. Sai da maƙwabciyarta Rabi'atu ta leƙo ta ce, "Maman Abdullatif, wai tafiya Ja'afar zai yi? Na ga yana bin gida-gida yana neman yafiya," sannan Turai ta farga. Ba azumi za a shiga ba, ba tafiya zai yi ba, wace yafiya? Maganarsa ta madafi ta dawo mata tar. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta fita ko takalmi babu, mayafi a hannu. Ta duba makaranta, ta duba filin ƙwallo, ta tsaya a tashar motar Kurfi tana tambayar direbobi. Duk wanda ta tara sai ya girgiza kai. Abdullatif na biye da ita.

Bayan la'asar wasu manoma suka same shi a bayan gari. Ya riga ya kashe kansa.

Malam Ummaru ya iso washegari a bayan babur. Bayan an kai yaron makwancinsa, ya shigo ya zauna a tabarma gaban ƙanwarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ta ya ce, "Turai, bai taɓa gaya maki komi ba?"

Ta buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinta. Da ƙyar ta ce, "Ya gaya mani, Yaya. Ni na ce mashi wasa ne."

Iyaye da malamai, wasan da mutum ɗaya yake kuka a cikinsa cin zali ne, ko da tsakanin taubasai ne. In yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya shiga rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai. A zauna a saurare shi, a kai shi asibiti wurin likitan da ke duba damuwa tun yana raye.